Wasan sitiyarin tsohuwar Marsandina, da yadda muka bi shi gaɓa-gaɓa

Akwai wata magana da makanikai ke yi kamar sun haɗa baki idan ka kai musu tsohuwar Marsandi, wai "ai haka sitiyarinta yake Alhaji, dole sai da ɗan wasa". Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma lalaci ne kawai. Eh, irin wannan sitiyarin ko yana sabo yana da ɗan wasa kaɗan, amma kaɗan ɗin an san iyakarsa, kamfanin ya rubuta, bai wuce milimita 25 a bakin sitiyarin ba, wato wajen faɗin yatsa ɗaya da rabi. Tawa kuwa sai na juya kusan faɗin tafin hannu tayoyi ba su ma san ana yi ba.

Motar 230E ce, samfurin W123, wadda mutanenmu ke ce wa Regula. An yi ta ƙera irinta daga 1976 har zuwa farkon 1986, kusan miliyan 2.7, shi ya sa har yau kayanta ba su ɓace a kasuwa ba, a Maroko ma ta yi shekara da shekaru tana aikin tasi ta dogon zango. Wanda na saya a hannunsa matashi ne mai son gayu, ya yi mata aiki iya son ransa: ya cire rim ɗinta na asali mai inci 14 ya sa mata 17 da faffaɗar taya marar kauri, da rim ɗin ya ƙi zama daidai sai aka sa mata sifesa, wato faifan ƙarfe da ake sawa a bayan rim, ta turo shi waje, aka yanke sifirin na gaba don ta ɗan durƙusa, aka cire wancan ƙaton sitiyarin aka sa ƙarami irin na motar tsere. A tsaye wlh kyakkyawa ce, in na faka sai yara sun zagaye ta. A cikin gari ma ba laifi. Amma ka hau hanyar Zariya ka wuce 80, nan za ka gane kurenka, motar ta ɗan yi dama ka dawo da ita ta yi hagu ka sake dawo da ita, hannuwanka biyu suna ta kai-kawo kamar mai tankaɗen gari, in tirela ta wuce ka kuwa sai ka ji zuciyarka a baki.

Kusan duk wanda na yi wa maganar amsa ɗaya yake ba ni, a ɗaure notin da ke kan akwatin sitiyari, minti biyar an gama. To wannan notin shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin, domin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, amma shi kowa ke fara kai wa hannu saboda shi ne a sama, ana buɗe bonet ana ganinsa, ba sai an kwanta a ƙasa an ɓata kaya ba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake don wanda bai taɓa leƙawa ba. Motoci irin su Fijo 504 ko Golf, sitiyarinsu rak ne, sanda ɗaya mai haƙora ta tafi hagu ta tafi dama, tayarod biyu a gefe, shi kenan. Regula ba haka take ba. Ita akwati gare ta, a cikinsa akwai sanda mai zare da ƙananan ƙwallayen ƙarfe suna zagayawa, su suke tura wani ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya juya wani hannu da ke ƙasan akwatin. Wannan hannun yana jan doguwar sandar tsakiya, ɗaya ƙarshen sandar yana rataye a wani hannun na ɓangaren fasinja wanda makanikai ke ce wa aidila, sannan tayarod na hagu da na dama su kai motsin ga tayoyi, ga kuma wata 'yar shokazoba a kwance da ke shanye girgiza. Ka ƙirga gaɓoɓin, kan tayarod huɗu, na sandar tsakiya biyu, shida kenan, ga bushin aidila, ga mahaɗin roba da ke tsakanin sandar sitiyari da akwatin, ba a ma zo maganar bol join, gaɓar da ke haɗa ƙafar mota da mazaunin taya, da boris da taya ke juyawa a kansa ba. Idan kowannensu ya saki da ɗan abin da ido ba ya gani, kafin ya hau zuwa hannunka ya taru ya zama tafin hannu guda. Ka ɗaure noti ɗaya a sama, sauran goman suna nan suna rawarsu.

Wanda ya yi min aikin wani dattijo ne da ya tsufa a kan ƙafar Marsandi, ba ya taɓa inji ko wayarin, ƙafa kawai. Da na fara yi masa maganar notin ko kallona bai yi ba, cewa ya yi "ɗana shiga ka tada ta, kar ka taka komai." Bai ɗaga motar a jak ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin idan tayoyi suna lilo a sama babu abin da ke riƙe su, sai gaɓar da ta mutu ta bi motsin salin-alin ka ɗauka lafiyarta ƙalau. Dole nauyin motar yana kan tayoyi, tayoyin suna kallon gaba sak, inji kuma yana aiki tunda sitiyarinta mai fawa ne, in inji a kashe yake wasan yakan fi yadda yake a gaskiya. Ya ɗauko alli ya yi layi a bakin sitiyari, ya ce in riƙa kaɗa shi hagu da dama a hankali iya inda yake tafiya ba nauyi, kar in wuce. Shi kuma ya shiga rami da yaronsa.

Abin da ya burge ni, ba da ido yake dubawa ba. Tafin hannunsa yake naɗewa a kan gaɓar gaba ɗaya, rabi a kan sanda rabi a kan ƙarfen da ta shiga, ya rufe ido. In gaɓar lafiya take, su biyun tare suke tafiya. In ta mutu za ka ji ɗaya ya riga ɗaya, wani ɗan ƙas-ƙas a cikin hannunka. Ya kira ni na sauko yaron ya hau ya karɓi kaɗawar, ya kama hannuna ya ɗora a kan tayarod na hagu ta waje, ai kuwa na ji shi sarai. Sai ya nuna min aidila, ita ma ba sai an taɓa ba, maimakon ta juya gefe kawai sai ka ga tana ɗan ɗagawa sama tana sauka kafin ta fara jan sandar, bushin cikinta ya gama cinyewa.

Da aka kwance kan tayarod ɗin nan ne muka ga abin mamaki. Bayansa duk shatin guduma ne, an bubbuge shi don ya matse, robar da ke rufe shi ta yage an cusa yankin tib da leda a ciki an ɗaure da waya. Wannan aikin ana yin sa sosai a garejojinmu, musamman in mota za a kai kasuwa, kuma gaskiya yana ɓoye wasan na ɗan lokaci. Amma ƙwallon da ke ciki ya riga ya cinye mazauninsa, ranar da ya ga dama a cikin wani rami zai fice ne gaba ɗaya, taya ɗaya ta kalli gabas ɗaya ta kalli yamma. Baba ya jefa shi cikin tarin ƙarafa ya ce Allah ya kyauta, bai ƙara komai ba. Dan Allah duk wanda makanikensa ya ce zai "ɗan matse" masa tayarod da guduma, ko zai yi wa wani ƙarfen sitiyari walda, ya ce a'a na gode.

Bayan nan ne ya ɗaga ta a jak. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ta dama tana ɗan ƙwanƙwasa, ya ce in taka birki, na taka, ƙarar ta ɗauke, ya ce to boris ne ba bol join ba, da bol join ne ko ka taka birki yana nan. Boris ɗin gaban Regula irin wanda ake saitawa ne da noti mai matsewa, ba a ɗaure shi tamau kuma ba a barinsa sako-sako, tazarar da ake so ƙanƙanuwa ce ƙwarai wadda hannu da ƙyar yake ji. Namu da aka buɗe giris ya ƙone ya yi baƙi, sai canji. Ya nuna sifesar nan da sifana ya ce ga mai laifin.

Nan fa muka zo maganar da ban so ji ba, domin ni ma ina son rim ɗin. Injiniyoyin da suka zana ƙafar gaban motar nan sun saita ta ne yadda layin da taya ke juyawa a kansa zai faɗo daidai tsakiyar inda tayar ke taɓa ƙasa, dabarar da suka ɗauko daga babbar yayarta W116. Amfanin haka, in taya ɗaya ta daki rami ko ta fi ɗaya kama birki, ba ta samun ƙarfin fizgar sitiyari daga hannunka. Da ka turo tayar waje da sifesa ka rushe wannan lissafin, kowane rami ya samu hannun da zai murɗa ƙafar da shi, kuma duk dukan nan a kan tayarod da aidila da boris yake sauka. Ga taya marar kauri ba ta shanye komai, ta asali mai inci 14 gefenta dogo ne, rabin aikin shokazoba ita ke yi a hanyoyinmu. Sannan faffaɗar taya tana son bin kwarin da manyan motoci suka yi a kwalta, ka ga kenan ko da sitiyari ba shi da wasa ko kaɗan za ka ji motar tana jan kanta, ka ɗauka wasa ne alhali taya ce ke bin sawu.

Yanke sifirin shi ma da nasa. Tayarod an yi shi ne ya kwanta a wani kusurwa da ya dace da ƙafar ƙasa, su hau tare su sauka tare. In mota ta durƙusa kusurwar ta canza, duk sanda ƙafar ta motsa sama a kan gargada sai tayar ta ɗan juya da kanta ba ka taɓa komai ba. Kuma wanda ya yanka ɗin bai ma yanka daidai ba, da muka auna daga ƙasa zuwa bakin fenda hagu ta fi dama sauka. Wannan babu wani noti a duniya da zai gyara shi. Na je Ƙofar Ruwa na samo sifirin na Beljiyam guda biyu daga mota ɗaya, na haɗa da tayarod biyu cikakku, sandar tsakiya, kayan bushin aidila, shokazobar sitiyari da mahaɗin robar nan na sama wanda shi ma ya tsattsage. Gaɓoɓin dai sababbi na saya, Lemförder, don su Beljiyam ɗin gaɓa ba ka san shekarun da ya yi yana aiki ba kafin ya hau jirgi. Farashi ba zan faɗa ba tunda kafin ka karanta ya canza, amma ka duba kwali da tambarin da ke jikin ƙarfen da kyau, jabu ya yi yawa. Wani abu kuma, sifirin gaban Regula ba abin wasa ba ne, dogo ne kuma a matse yake da ƙarfin gaske, akwai abin matse shi na musamman da ake zurawa ta tsakiyarsa, duk garejin da ka ga za su cire shi da jak da igiya ko da waɗancan ƙugiyoyin na gefe, ja motarka ka tafi, kuma kar ka tsaya kusa.

Sai kuma abin da ko a mafarki ban yi tunaninsa ba, kuma ina jin shi ne ya fi cin mutane masu canza sitiyari. Akwatin nan an yi shi ne ya fi matsewa a tsakiya cif, inda mota ke tafiya miƙe, da ka ɗan kauce hagu ko dama haƙoran suna da 'yar tazara da gangan. Baba ya sa na juya sitiyari har ƙarshe ta hagu, na ƙirga zagaye zuwa ƙarshe ta dama, na dawo rabi. Ai kuwa sai ga sitiyari a karkace, tayoyi ma sun ɗan kalli gefe. Ashe lokacin da aka sa ƙaramin sitiyarin an ɗora shi ne a karkace da 'yan haƙora, da aka je alaimen maimakon a cire shi a gyara sai mai alaimen ya tsawaita tayarod ɗaya ya gajarta ɗaya har sitiyari ya miƙe a ido. Wato duk tafiyar da nake yi a miƙe, akwatin ba a tsakiyarsa yake ba, yana gefen da dama can an bar masa tazara. A jikin akwatin akwai wani ɗan murfi da ake kwancewa a zura noti mai tsini ya kulle shi a tsakiya, da shi ya kulle, ya cire sitiyarin ya mayar da shi daidai, aka auna sababbin tayarod tsawonsu ɗaya.

Ƙaramin sitiyarin yana da wata yaudara kuma. Milimita 25 ɗin nan an faɗe ta ne a kan na asali wanda faɗinsa ya haura santimita 40. A kan mai 35, irin wannan juyin bai fi milimita 20 da ɗan abu ba. Don haka in ka auna ka samu 25 a ƙarami kar ka ce lafiya lau, ka riga ka wuce iyaka.

Kafin ya taɓa akwatin sai da ya sa yaron ya murɗa sitiyari da ƙarfi mota a tsaye, shi yana haska jikin shasi da tocila ta cikin mazaunin taya. Noti uku ne ke riƙe da akwatin a jikin shasi, kuma an san motocin nan da tsagewa a wajen in sun tsufa, ballantana an sa musu faffaɗar taya ana murɗa ta a tsaye kullum. Ya ce abin da ake nema shi ne akwatin ya motsa shi kansa, ko ka ga wani jan ƙura-ƙura na tsatsa ya zagaye kan notin, alamar yana goga. Alhamdulillahi tawa ba ta tsage ba, noti ɗaya ne ya ɗan saki. Wanda tasa ta tsage, wannan aikin mai walda ne na ƙwarai da faranti, ba a ɗiga wuta sama-sama a shafa baƙin fenti ba.

Sai da aka gama duk wannan, aka sauke ta, aka sake gwajin allin, wasan ya dawo bai fi yatsa biyu ba. Sannan ne ya ce to yanzu a kawo sifana 19 da alanki. A nan ma akwai tarko, domin a yawancin motoci ciki ake ɗaure sukurun don a rage wasa, a wannan akwatin kuwa waje ake kwance shi, yana jawo ƙarfen ne sama ya shige cikin haƙoran. Mutane da yawa suna ɗaurawa ciki su ga wasa ya ƙaru su ce akwati ya mutu. Ya yi wa sukurun alama da alli don a san inda aka taso, ya sassauta notin da ke kulle shi, ya juya bai kai kwata ba, ya kulle, ya ce mu zagaya. Abin da yake kallo a zagayen ba wasan ba ne, so yake ya ga in an sha kwana an sassauta hannu sitiyarin yana dawowa tsakiya da kansa ko kuwa. Ya ƙara ɗan kaɗan, muka sake zagayawa, ya ce ya isa haka. Na ce Baba ai da saura ɗan wasa, a ƙarasa mana. Ya ce "ɗana wannan na barin rai ne, in na cinye shi duka sitiyarinka zai riƙa maƙalewa, ka sha kwana ya ƙi dawowa, kuma cikin wata nawa ka cinye akwatin." Kuma haka ne, tunda tsakiyar haƙoran ce ta fi cinyewa saboda a nan mota ke yini, in ka matse har tsakiya ta yi tsit to gefe-gefen da ba su cinye ba sai su kama. Sitiyari mai maƙalewa ya ma fi mai wasa wahalar tuƙi, domin kowane ɗan gyara sai ka tura shi ka kuma jawo shi da hannunka.

Alaimen ne ƙarshe, kuma na tsaya a kansu don kar a sake karkatar min da tayarod. A Regula ba kan taya kawai ake saitawa ba, akwai noti mai ƙusumbi a ƙafar ƙasa na gyara kwanciyar taya, akwai kuma zaren sandar da ke riƙe ƙafar ta baya wanda shi ke sa sitiyari ya so komawa tsakiya, yawancin masu alaimen ba sa taɓa su sai ka yi magana. In bakin tayoyi ya buɗe waje ko kaɗan ne mota za ta yi ta yawo a hanya, ana so su ɗan kalli juna.

Rim 17 da sifesa dai sun tafi, na sayar wa wani mai Bi-but, wato Marsandin da ta biyo bayan Regula, tunda ramukan noti iri ɗaya ne, biyar-biyar, kuma a tasa sun zauna ba sai da sifesa ba. Ban koma 14 ba gaskiya, 15 na sa mai zurfin da ya dace da motar, da taya mai ɗan kauri, don in rage zafi. Ƙaramin sitiyarin na bar shi, ina son sa, ba ya cutar da komai tunda yanzu a tsakiya yake. Na je Zariya na dawo, a 100 hannu ɗaya ya ishe ni, tirela ta wuce motar ta ɗan girgiza ta ci gaba da harkarta. Saura bushin ƙafar baya, Baba ya sa ƙarfe ya ɗan banƙare ya nuna min sun fara tsagewa, ya ce su ma in sun mutu bayan motar ne zai riƙa juya ta ka yi ta zargin gaba, amma za su kai bayan damina. Akwatin kuma yana ɗan tsiyayar mai ta ƙasa inda hannun nan yake, ina ƙara masa man giyar otomatik jifa-jifa, in kuɗi sun shigo za a sauke shi a canza sil.